Baro Ɗaya, Karaya Biyu

Ni mai ɗori ne a wani ƙauye da ke bayan Darki. A hannun mahaifina na koya. Safiyar ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe, ina zaure ina duba ƙafar Bitrus.

Bitrus direba ne a Wudil, mutumin kudancin Gombe. Babur ya kayar da shi, ƙwaurinsa na hagu ya karye. Ya zo da hoton asibiti, na ɗaga a haske, na ga karaya ce guda, ba ta fasa fata ba. Na ja, na daidaita, na jera karare na ɗaure. Ya ɗan kwana biyu kwance a zaurena. Ran nan da na taɓa wurin, na ji ƙashin ya fara kamawa. Na ce kada ya kuskura ya taka. Inna, mahaifiyata, ta kawo masa koko da ƙosai, tana tsokanarsa wai ya fi ni ci.

Da hantsi rediyo ta faɗi wanda ya ci zaɓe. Babu wanda ya yi guɗa. Mai shayi ya fara tattara kofunansa. Iyaye mata suka riƙa kiran yara gida. Garin ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga ƙarshen unguwa.

Ana kiran azahar muka ji babura. Ladan bai ƙarasa ba. Sai ihu, sai ƙarar gora a kan kwanon rufi, sai warin fetur. 'Yan daba ne. An ce musu akwatin garinmu ne ya kayar da mai gidansu.

"Ku fito! A cinna wuta!"

Matata ta goya jariri ta bi sauran mata. Na ciccibi Bitrus na sa shi a baron da nake ɗebo taki. Inna ta riƙe gefen rigata. Muka bi ta bayan gari muka nufi fadama, don mu kai kogi.

A gangaren wani kwari Inna ta zame. Ba wata faɗuwa ba ce. Amma na ji ƙarar, kuma na san ta. Ta yunƙura ta kasa tashi. Na duba. Ƙafar dama ta gajarce, tafin ya kwanta waje. Na sa hannu a ƙugunta, ta ciji mayafi. Da gocewa ce, da na gwada mayarwa a nan take. Wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can ciki, inda kara ba ya kaiwa.

Baro ɗaya ne. Hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Ƙarar babura ta bar cikin gari ta hau hanyar fadama.

Bitrus ya dube ni, ya dubi Inna. Ya dafa gefen baron ya mirgino ƙasa. Na ji kararen ɗorin sun ɓalle.

"Ɗauki Mama, Malam! Tafi!"

Ya ja jiki da gwiwar hannu ya shige gonar rake. Ganyen ya rufe shi. Na ɗora Inna na tura. Kowane rami muka faɗa sai ta yi salati, ƙasa-ƙasa, don kada a ji mu.

A bakin kogi mai fito ya riga ya cika jirginsa. Maza biyu suka sauka suka ba mu wuri. Ana la'asar muka shiga asibiti a Wudil. Likita ya ɗauki hoto ya ce sai an yi aiki a Kano.

Washegari da sassafe na koma tare da ƙanena. Muka tarar da Bitrus a tsakiyar raken, da ransa. Ɗorin ya kwance, ƙafar ta kumbura ta karkace. Ya ce 'yan daban sun tsaya dab da shi suna shan sigari, shi kuma ya cusa rake a baki ya cije har suka wuce. Shi ma asibiti muka kai shi.

An yi wa Inna aiki, amma ba ta sake takawa ba. Kwanciya ta kawo mata ciwon ƙirji. Ta rasu kafin ruwan farko. Zaurena ya ƙone da duk kayan ɗorin da na gada. Ƙafar Bitrus ta haɗe a gajarce, ba ta iya taka kulocin mota, ya bar tuƙi.

Ranar jana'izar Inna ya zo yana dogara sanda. Ya tsaya daga gefe, cikin rana, har aka gama rufe ta.