Tabarmar Kaka mai ɗumi

"Taka nan ki ji daɗi," in ji Kaka, tana nuna mini gefen tabarmarta.

Na taka, na ji ɗumi kamar an shanya ta a rana, alhali safiya ce ta tsananin sanyi. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina sakandare a Birnin Kabi, na je hutu wurinta Argungu.

Kawu ne ya kawo mata hita ta ɗumama ɗaki. Soket na nesa da wurin zamanta, sai aka jona da siririyar doguwar wayar rediyo. Da Kaka ta lura wayar ma tana zafi, sai ta naɗe ragowar ta tura ƙarƙashin tabarma, tana gasa ƙafafunta a kai.

A makaranta an koya mana cewa wayar da ke zafi gobara take shirin tayarwa. Amma ni ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata.

Na durƙusa na ce, "Kaka, ki yi haƙuri, wayar ga ba ta ɗaukar hita. Tana iya kama wuta."

"Ke 'yar boko, mi ɗumin ƙafata ya tsare miki?"

Na kashe soket, na ɗaga tabarmar. Robar wayar ta narke ta manne da kaba, wurin ya yi baƙi.

Kaka ta duba wurin, ta yi salati. Can ta ce, "To, jona hitar ga bango, ki jawo mini kujera. Tunda ɗumin bai iya zuwa, ni in tafi."

Har yau ba na jona hita sai a bango. Ku fa, wace dabara kakanninku suka taɓa yi da lantarki?