Jiran Mota Mai Canza Giya da Kanta

Motar ba tawa ba ce. Ta Kawu ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifina har ya yi mini aure. Da ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma a Kazaure sai ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya mai shan gas, ya miƙa mini makullinta a zaure, a gaban mutane, ya ce amanar gidan nan ce ya damƙa a hannuna. Daga ranar na zama direban Kawu. Ina kwaso gero da riɗi daga kasuwar Gwiwa, wake da zoɓo daga Babura, wani lokaci kuma siminti nake haurawa da shi Roni ta cikin duwatsun nan.

Motar tana da halinta. In na tayar da ita da safe, baƙin hayaƙin da take fesowa sai ya kori masu shan shayi daga bencinsu. Giyarta ba ta shiga sai da lallashi, kulocinta kuwa tauri kamar kana taka kututture. Shekara da shekaru ina taka shi da ƙafar hagu, har gwiwar ta fara kuka. Da farko sanyin damina kawai take ji. Daga baya ta kai in na sauko daga mota sai na dafa ƙofa na ɗan tsaya kafin in iya takawa. 'Yan tasha suka samu abin tsokana, in sun hango ni sai su ce ga mai zuwa Gwiwa ba gwiwa. Da na je asibiti, likita ya lallatsa wurin, ya tambaye ni sana'ata, sannan ya ce, "Malam, in dai za ka ci gaba da taka wannan abu, to ka fara neman sanda." Maiɗakina kaɗai na gaya wa.

A wannan shekarar ce maganar sababbin motoci ta cika garejin da muke kai gyara. Akwai wata darbejiya a bakin garejin, nan direbobi ke zama suna jiran a gama musu aiki. Wani da ke zuwa kudu ɗauko kaya ya ce ya gansu da idonsa: masu shan gas ne, amma ba su da kuloci, da kansu suke canza giya. Wani ya ce ai ba sa hayaƙi ko kaɗan, domin akwai wani ruwa na daban da ake zuba musu a ƙaramin tanki, shi ke cinye hayaƙin. Sai wani ya ɗora da cewa ya ji za a fara gwada salansar kowace mota, wadda ta cika hayaƙi a ɗora wa mai ita haraji, in ta yi yawa a hana ta hawa titi. Babu wanda ya san yaushe. Babu wanda ya san wa ya faɗa. Bakanikenmu, dattijo mai ƙarancin magana, yana ƙarƙashin wata mota ya ce, "Motar da ba ta shawara da ƙafarka, ranar da ta kafe a yashi da wa za ta yi shawara?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Abu ɗaya kawai na ji a duk hirar: ba kuloci.

Na kai wa Kawu labarin. Na durƙusa na gaishe shi, da ƙyar, na zayyana masa komai, amma ban ambaci likita ba. Ya rage muryar rediyonsa ya saurare ni har na gama.

"To, madalla," in ji shi. "In haka ne sai mu jira su iso, mu sayar da wannan mu haɗa kuɗi mu sayi sabuwa."

"Kawu, kafin nan ko za a sauya mata kuloci? Ya yi tauri sosai."

"Kai ma dai. Wa ke yi wa ɗakin da za a rushe yaɓe? Lallaɓa ta, ɗana. Saura kaɗan."

Na fito ina murna, ban gane abin da ya faru ba. Daga ranar aka daina yi wa motar gyaran kirki, sai na ɗaure nan, toshe can. Damina ta zo ta wuce. Aka yi kaka, kasuwanni suka cika, ina lodi ina saukewa, gwiwa tana kumbura. Duk sanda na yi maganar gyara, Kawu ya ce saura kaɗan.

Sai ga ɗaya daga cikin sababbin motocin ta iso. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi a Babura, mai hulɗa da mutanen Nijar, shi ya sayo ta. Ranar kasuwa mutane suka kewaye ta kamar an kawo giwa. Direbanta abokina ne tun muna koyon mota, da ya ga yadda nake kallonta sai ya ce in hau in ɗana. Na ja ta muka bi hanyar Kanya Babba. Ƙafata ta hagu ta dinga laluben abin takawa tana samun wayam. Motar ta ɗauki giya da kanta, ta sake ɗauka, ba ƙara, ba gurnani. Na leƙa madubi, babu hayaƙi. Na miƙe ƙafar sosai, na bar ta ta huta, abin da ban taɓa yi a bakin sitiyari ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na ce wa abokina iska ce.

Ba a daɗe ba labari ya sauya. Wata fitila ta kama a gaban motar, ta ƙi mutuwa, motar kuma ta ƙi gudu, sai tafiyar jaki ko da ba kaya. Wasu suka ce ruwan hayaƙin ne ya ƙare, ba a samunsa sai a Kano. Wasu suka ce gas ɗin bakin hanya ne bai karɓe ta ba. Aka kira bakanikenmu, ya buɗe ta, ya duba, ya rufe, ya ce wannan sai mai kwamfuta. Aka kawo mai kwamfuta, ta tashi, ta yi 'yan kwanaki ta sake kwantawa. Duk lokacin da na shiga Babura ina ganinta a ƙofar gidan Alhajin, an lulluɓe ta da tamfol, awaki na kwance a inuwarta.

Kawu ya riga ni jin labarin. "Ka ga amfanin haƙuri?" ya ce. "Da yanzu mu ne da kuka."

"To Kawu, tunda haka ne, a gyara tamu."

Ya girgiza kai. "In na zuba mata dukiya yau, gobe su zo da abin gwada hayaƙinsu su ce ta sauka daga titi fa? An ce akwai wasu na tafe, masu giyar hannu amma ba hayaƙi. Wasu kuma sun ce masu canzawa da kansu ne, an gyara su daidai da gas ɗinmu. Bari mu ga wanne ne gaskiya."

Maiɗakina ce ta ce abin ya isa haka. Yayanta yana da rumfar hatsi a kasuwa, yana neman wanda zai zauna masa. "Aikin zama ne, Malam," ta ce. "Ka je ka gaya wa Kawu gaskiya. Ai ba dutse ba ne, mutum ne."

Na shirya maganata tsaf, na tafi bayan la'asar. Na tarar da shi a zaure yana laluben carbinsa a kan tabarma, ga shi kuwa kusa da ƙafarsa. A ranar na lura idanunsa sun yi fari-fari. Na ɗauki carbin na miƙa masa. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna.

"'Ya'yan da na haifa duk suna birni," ya ce. "Ko waya sai sun ga dama. Motar nan ita ke ciyar da gidan nan, kai kuma kai ke riƙe da ita. Wani lokaci in na ji ƙararta ta shigo layi, sai in ce Alhamdulillahi, ɗana ya dawo. Allah ya yi maka albarka." Sannan ya tambaye ni, "Da magana ka zo?"

"A'a Kawu. Gaisuwa ce kawai."

Da na koma gida maiɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi fuskata. Ta ajiye rariyar, ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo tsumma ta fara gasa mini gwiwar. Can ta ce, "Gobe ina ne?"

"Roni. Siminti."

Ta matse tsumman, ta sake tsoma shi a ruwan zafin. Washegari a hawan dutsen nan na kusa da gari, da na zo sauya giya ƙafar ta ƙi, sai da na saki sitiyari da hannu ɗaya na danna gwiwar ƙasa da tafin hannuna, sannan kulocin ya shiga. Haka na koyi yi, kuma haka na ci gaba da yi har aka sake wata kakar.