Wa Zai Yi Wa Hanan Gaisuwa?

Duk mai hawa jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane daga Staten Island zuwa Manhattan da safe, da wuya a ce bai taɓa ganin Hanan ba. Doguwa ce, shekararta sha bakwai, kullum tana can baya ta jingina da ƙarfe, iska na wasa da bakin hijabinta. A Stapleton aka haife ta, wata unguwa a Staten Island. Babanta Bakano ne mai aiki a wani asibiti, Ummanta kuwa tuni ta yanke cewa yarinyar nan ba a duniyarmu take ba. A aike ta sayo tattasai, sai ta dawo da labarin yadda gajimare ya sauko ya haɗiye gada.

Mutum ɗaya ce ke jin irin wannan labari har ƙarshe, ita ce Aminatou, 'yar ajinsu, wadda iyayenta 'yan Nijar ne masu shagon atamfa da turare a unguwar Harlem ta Manhattan. 'Yar firit ce mai sikila, ga baki kamar reza. In an tashi daga makaranta takan bi Hanan cikin jirgin ba gaira ba dalili, su tsallaka tare, ita ta juyo. Wani lokaci barci ya kwashe ta a kafaɗar Hanan. Hannun Hanan ya yi sanyi ya mutu, amma ko motsi ba ta yi, tana ta fatan gaɓar can ta ƙara nisa.

Hanan tana son ta. Ba irin son da ake yi wa ƙawa ba, ita ma ta san haka, kuma abin yana ba ta tsoro. A makaranta akwai sunayen irin wannan son birjik da Turanci, ko ɗaya bai zauna mata ba. Wanda ta taɓa ji da Hausa kuwa zagi ne. Sai ta bar abin babu suna, ba ta faɗa wa kowa ba, har ita Aminatou. Takan ɗaga hannu bayan salla ta rasa me za ta roƙa, a cire mata ko a bar mata.

Cikin sanyin bara ciwon sikilar ya tashi, bai kwanta ba. Aminatou ta rasu.

A gidan makoki kowa da wurinsa. Uwa da 'yan uwa na jini suna zaune a kan darduma a falo, masu shigowa su durƙusa su bi su ɗaya bayan ɗaya da "ya haƙuri?" Ƙawa fa? Ƙawa ai mai lafiya ce, sai a miƙa mata faranti. Haka Hanan ta wuni tana raba shayi da dabino, tana tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa. Turaren wuta ya cika ɗakin, muryoyi suna zuwar mata daga nesa. Wata hajiya har yaba ta ta yi, wai yarinya mai ƙoƙari.

Wannan yabon ne ya fi yi mata ciwo. Ba ta neman a sani. Abin da take so bai wuce mutum ɗaya ya dube ta ya gane ita ma an yi mata rashi ba. Amma da wane baki za ta nema? In ta yi kuka fiye da na ƙawa, ido zai dawo kanta. Sai ta haɗiye, ta ƙara sukari a kofuna.

Ranar sadakar uku ta sunkuya da faranti a hannu za ta ajiye wa mahaifiyar Aminatou kofi. Mariatu ke nan, mace mai kaifin ido wadda ba a yi mata wayo a shago. Ta kama wuyan hannun Hanan.

"Aje plateau ɗin nan, ɗiyata."

"Mama, ban gama serving ba."

"Na ce aje. Zamna nan kusa da ni."

Hanan ta zauna a bakin dardumar. Mariatu ta jawo ta ciki sosai, ta yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"A lopital, can asibiti, sunanki ta yi ta kira, ba nawa ba. Ban tambaye ta komi ba. Ke ma ba ni tambayar ki."

Ana haka wata tsohuwa ta yi sallama. Ba ta san kowa a fuska ba, sai ta bi layin dardumar yadda aka saba. Ta gaida Mariatu, ta matso gaban Hanan ta dafa gwiwarta.

"Yarinya, ya haƙuri?"

Hanan ta buɗe baki za ta amsa. Kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ƙwace mata, ba kuma wanda ya juyo ya dube ta da mamaki, don a kan dardumar nan kuka ba laifi ba ne.

Mariatu ce ta amsa mata.

"Tana yi, Hajiya. Da wuya, amma tana yi."