Alfarmar da Na Ɓoye wa Na'ura

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Ka ba ni fili in sauke wani kaya da ya daɗe yana danne mini ƙirji, ba tare da na kama sunan kowa ba.

A lokacin ni matashi ne mai ji da kansa, injiniya a wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ta eriya a yankin Ikara, Makarfi da Kudan. Aikinmu a da wahala ce zalla. Rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ɗin, ta rikice a Likoro, ka hau mashin ka je ka gyara da hannu, kafin ka dawo ta Nasarawan Doya ta tsaya. Da oga ya ce za mu kafa manhajar da za ta riƙa saita dukkan na'urorin daga ofis, na fi kowa zaƙewa, ni kuma aka danƙa wa aikin. Muka haɗa manyan kwamfutoci suna aiki tamkar guda, abin da muke kira kulasta, muka ɗora manhajar a kansu, yadda in ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki manhajar su ci gaba. Abin da aka rubuta mata shi kaɗai ta sani. Takan zagaya lokaci-lokaci, duk saitin da ta tarar a rauta wanda ba nata ba ne, sai ta share. Wallahi har tinƙaho nake yi da wannan hali nata.

To, ina da baffa, ƙanin mahaifina, malami kuma manomi a wani ƙauye ta wajen Furana, a gabansa na sauke Alƙur'ani. Ƙauyen a kwari yake, sabis na waya ba ya shiga sai an tafi wani tudu mai nisa a hayin rafi. Tun kafin zuwan manhajar ya kira ni ya ce yana neman alfarma, in taimaka wa ɗan asibitin garin da layi, ko ma'aikaciyar lafiyar ta riƙa samun likita da direban mota a Ikara. Wa zai dubi idon baffansa ya ce a'a? Na kai ƙaramar eriya na ɗaura, na buɗe musu hanya da hannuna, shiru, domin na san oga ya taɓa korar wani a kan irin haka. Ita alfarma a wurinmu ai ba a yi mata shela. Baffa ya yi ta sa mini albarka a gaban ɗalibansa har kunya ta kama ni.

Ranar da muka kunna manhajar, abu na farko da ta yi shi ne share layin nan. Ba ta san Baffa ba, ba ta san alfarma ba. Gyaran mai sauƙi ne: in rubuta mata asibitin a cikin nata, shi ke nan. Amma duk abin da aka rubuta mata sai ya bi ta gaban oga ya sa hannu, ni kuwa ana ta yabona, ina tsoron a ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Sai na koma wauta. Kullum da safe in buɗe kwamfutata in mayar da layin da hannu, ita kuma ta zagayo ta share, in na tuna in sake mayarwa. Ma'aikaciyar ta aiko mini cewa layin yana ɗaukewa, na ce mata hadari ne. Kullum ina cewa gobe zan shiga wurin oga, goben ba ta zo ba.

Wata ranar damina aka tura ni Kudan gyaran wata eriya da iska ta karkatar. Na wuni a sama, na manta shaf da asibitin. Ashe da hantsin nan kububuwa ta sari Baffa a gonar masara. Aka kai shi asibitin, ma'aikaciyar ta ɗauki waya, babu layi. Ba ta da maganin dafi, ba ta da mota. Aka tura mutum tudu, ya tarar rafi ya kawo, sai da ya zaga ta wani gari kafin ya sami sabis. Motar ta iso bayan la'asar, Baffa ya cika kafin a shiga Ikara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wurin zaman makoki matarsa, wadda nake kira Inna, ta sa aka shigo da ni ciki. Na durƙusa na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Har bakinsa ya fara nauyi yana cewa a sake gwada layin ɗansa, bai taɓa ba mu kunya ba." Na so ƙasa ta tsage in shige. Na san ajali ba ya jira, amma na kuma san abin da hannuna ya ƙi yi.

Bayan sadakar bakwai na shiga ofishin oga na faɗa masa komai, ina jiran kora. Sai ya ce da na zo tun farko da ya yi mini faɗa, amma asibiti ne, da ya sa hannu. A gabana ya sa hannun, na rubuta wa manhajar, layin bai sake ɗaukewa ba har yau. Wannan shi ya fi komai ci mini rai.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, na'ura ba ta san kara ba, ba ta san kunya ba, abin da ka faɗa mata shi za ta tsare. In ka yi wa wani alfarmar da ransa zai rataya a kai, ka fito da ita fili ko da za a ci mutuncinka. Ni na tsare nawa mutuncin, ga shi yana nan, Baffa kuwa babu shi. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara.