Gurbin Sunan Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Haɗeja hakan na nufin Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ce irin ta mutanen da. Ƙannena ana rangaɗa musu suna daga madafa har zaure, ni kuwa sai dai "kai", ko "wancan", in rana ta yi kyau a ce "yayanku". Na san ba ƙi ba ne, don tsokar da ta fi girma a kwanona take sauka. Amma na girma da ƙishin abu ɗaya, in ji sunana daga wajen Inna ko da sau ɗaya ne, ko da a cikin faɗa.

Shekarar da kogi ya cika ya shigo mana har ɗaki, akwatin hotunan gidanmu ya sha ruwa. Da ƙasa ta tsane, Inna ta baje su a tabarma kamar mai shanyar kuɓewa. Wasu sun manne da juna, wasu fuskokin sun wanke. Ni kuma lokacin na dawo daga karatun kwamfuta, ba aiki sai cika baki. Na ce a bar mini, zan ɗauki kowane hoto da waya, in yi musu mazauni a cikin kwamfutata, da sunan kowa da garinsu.

A makaranta an nuna mana yadda mutum zai mayar da kwamfutarsa sabar, wato ta riƙa buɗe shafi kamar na intanet alhali komai a cikinta yake, ba ruwanka da data. A allo abin ba wuya. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa wani shago kusa da kasuwa, inda akwai sola kuma netwok ba ya rowa, na sauke manhajar da ke yin wannan aikin. Ta kusa cika ta katse, na sake. Ta sake katsewa, na yi mata addu'ar da ba ta alheri ba, na kuma sakewa.

Da na girka ta, sai ga maɓallai biyu: ɗaya na sabar, ɗaya na rumbun bayanai, wurin da za a adana sunaye. Na danna na rumbu, ya yi kore. Na danna na sabar, ya yi ja ya zauna. Kwana da kwanaki ina fama. Na cire na mayar, na kashe na kunna, har na fara zargin kwamfutar da munafunci. Ashe sabar tana da ƙofa mai lamba da take fita ta ciki, wata manhajar kuma ta riga ta tare ƙofar. Lambar kawai na sauya. Na danna, ta yi kore.

Na rubuta adireshin da ke nufin kwamfutar kanta. Shafi ya buɗe da rubutun da na sa da kaina: Barka da zuwa gidanmu. Wallahi ban san lokacin da na fito tsakar gida ba takalmi ba. Daɗi ya cika ni har wuya. Inna tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ta ɗago ta dubi ƙanwata, wadda ke bi na, ta ce, "Wancan lafiyarsa kuwa?"

Sai ginin tebur, wato jadawali, a cikin rumbun. Na yi gurbin hoto, na suna, na gari, na dangantaka. A kowane gurbi manhajar tana tambaya ko za a iya barinsa ba komai. Da na zo kan na suna, wata dabara ta faɗo mini. Na ce a'a, dole a cike. Inna ce kaɗai ta san mutanen da ke hotunan, ita za ta riƙa faɗar sunaye, kuma a cikinsu akwai nawa ina jariri.

Na gaya wa ƙanwata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, Inna za ka ɗana wa tarko? To Allah ya ba da sa'a."

Muka fara zama bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa. Ban taɓa ganin Inna ta saki jiki da ni kamar lokacin ba. In buɗe hoto, ta faɗi suna, ta ɗora da labari. Ga goggonmu ta Kaugama da ta taɓa korar mai neman 'yarta da muciya. Ga kawu da ke kai awaki kasuwar Kafin Hausa ya dawo da labari fiye da ciniki. Ga wata malama 'yar Filato da ta zauna maƙwabtanmu, wadda ta koya wa Inna karatun boko a ajin manya. Da wannan karatun Inna take bin abin da nake bugawa, in na kuskure ta ce in gyara, kada in sauya wa bayin Allah suna. Da muka zo kan hoton Baba, Inna ta sunkuyar da kai, ƙanwata ta faɗi sunan a madadinta.

Nan na gane ƙanwata ce ɓarakar tarkona. Washegari na roƙe ta ta tafi bakin kogi sayen kifi, kada kuma ta yi sauri.

Muka rage mu biyu. Na bi ta kan wasu hotuna don kada a gane ni, sannan na buɗe shi. Jariri ne ƙato, an lafta masa kwalli, ruwan ambaliya ya ci gefe ɗaya amma ya bar fuskar. Inna ta dube shi, ta kau da kai.

"Wannan an san shi. Wuce."

"Ni na san shi, Inna. Kwamfuta ce ba ta sani ba."

Na danna maɓallin adanawa, jan rubutu ya fito. "Kin gani? Ta ce ba ta karɓa sai da suna."

"Kai ka manta sunan ne?"

"Ƙa'idar aikin ke nan, wanda ya san hoton shi ke faɗa."

"Wa ya kafa ƙa'idar?"

Na hau sosa ƙeya. Ta dube ni ta wutsiyar ido, sai ta fashe da dariya. "Ja'iri. Shi ya sa aka aiki yarinya sayen kifin da ba a nema ba."

Na taya ta dariyar, amma tawa ba ta yi nisa ba. Na ce, "Inna, ban taɓa ji ba ne. Ko sau ɗaya."

Dariyarta ta tsaya. Ta jima tana kallon hoton, ni kuma na ji kunya ta kama ni, na kai hannu zan rufe shafin.

"Bari," ta ce. "Miƙo abin nan. Juya bayanka."

Na ɗora mata kwamfutar a cinya, na juya ina kallon bango. Shiru. Can sai na ji ƙas. Ta tsaya neman harafi na gaba, ina jin numfashinta. Ƙas. Da yatsa ɗaya take yi, a hankali, ni kuma ina bin kowane bugu a zuciyata, don na san abin da ke biye da shi. Haka na saurari sunana yana fitowa daga hannun mahaifiyata har ya cika.

Ta danna maɓallin da ta ga ina dannawa.

"Rubutun ya yi kore," ta ce. "Ta karɓa ke nan?"

"Ta karɓa, Inna."

"To kai ma ka karɓa."

Na ce na karɓa. Ban juyo ba tukuna, don idona ya cika.