Yadda Kawu Sale Majigi Ya Buɗe Mini Baki

Ku da kuka san Kawu Sale Majigi kun san ba ya fara magana haka kawai kamar sauran mutane. Sai ya dunƙule hannun dama ya kai bakinsa, ya hura sau biyu, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, sannan ya ce, "Ana ji na a baya?" Ko da ku biyu ne a ɗaki. Ko da ruwan alwala zai ce a miƙo masa. Matarsa, Inna Asabe, takan ce, "Malam, babu kowa a baya sai tukunya." Shi kuma ya ce, "To, ita ma ta ji."

Ba laifinsa ba ne. Tun kafin a sami 'yancin kai yake bin motar majigi ta hukuma, daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa, Yankwashi, har Babura da Kanya Babba. Idan an kafa farin allo a dandali aka haska fim ɗin noman auduga ko na tsaftar rijiya, Bature ne ke magana a ciki, Kawu kuma yana riƙe da makirfo yana mayar wa jama'a da Hausa. Motar ta daɗe da mutuwa lokacin da nake ba ku labari, amma makirfon bai taɓa barin hannunsa ba.

Ni ina aji bakwai a Roni aka kawo ni gidansa a Kazaure. Na ci jarrabawar rubutu ta shiga kwalejin 'yan mata, saura intabiyu, wadda za a zo a yi a Kazaure bayan mako uku. Matsalata ɗaya ce: ba na iya magana a gaban mutane. Ko da Hausa aka tambaye ni sunana, sai in tsaya ina kallon yatsun ƙafata, balle da Turanci. Babana ya faɗa a fili cewa ba za a maimaita aji ba. In na faɗi, gurbin ya tafi ga wata, ni kuma karatu ya ƙare. Mahaifiyata ce ta ce a kai ni wurin yayanta, tunda shi magana ce sana'arsa.

Uwani yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Washegarin zuwana ya jawo wani gwangwani mai faɗi daga ƙarƙashin gado. Cikinsa guntayen fim ne, waɗanda ake yankewa a zubar idan fim ya tsinke. Shi bai taɓa yarda an zubar da ko ɗaya ba. Ya ɗauko guda ya ɗaga wa rana.

"Uwani, yau kalma uku za ki samu. Mutumin nan da ke ciki akta ne. Abin da ya ɗauke shi kyamara. Mu da muke kallo odiyans."

Na jira sauran. Ya rufe gwangwani.

Inna Asabe ta ce, "Mako uku fa ke gare ta, Malam. Ka ƙara mata mana."

Ya ce, "Shi Baturen a rana ɗaya ya tara su? Ni sai da na shekara biyu a motar nan kafin in mallaki ashirin."

"To kafin nan me kake fassara wa mutane?"

"Abin da ya kamata Baturen ya faɗa."

A nan ne Inna Asabe ta ba ni labarin Gwiwa. An haska fim ɗin manoma biyu, ɗaya mai tsafta, ɗaya ƙazami da ƙudaje ke bi. Kawu ya hango taubashinsa Mamman Dogo zaune a sahun gaba, sai ya sanar ta lasifika, "Jama'a, ga Mamman Dogo nan ya fito, ga kuma baƙinsa sun rako shi." Har mutumin nan ya tsufa, Mai Baƙi ake ce masa a Gwiwa. Kawu ya saurari labarin yana gyaɗa kai, ya ce, "Amma ai ya gyara rijiyarsa."

Nahawunsa ma nasa ne shi kaɗai. A wurin Kawu, komai yanzu yake faruwa. Mutum yana gudu, mace tana ɗinki, jirgi yana tafiya, kowace kalmar Turanci da jelarta ta "ing". Wata rana na buɗe littafina na makaranta, na nuna masa da yatsa shafin da aka jera yadda aikatau ke canjawa idan abu ya riga ya wuce. 

Ya sa tabarau ya duba, ya cire. "Malaminku ya taɓa haska fim?"

Na girgiza kai.

"Shi ya sa. A allo babu jiya." Ya ɗaga wani guntun fim. "Wannan mai keken na tabbata ya daɗe a ƙasa. Amma dube shi, yana tuƙi. Ki bar musu jiyansu."

Ban yi musu ba. Da rana ina koyon na Kawu, da yamma ina bitar na littafi a bayan rumbu.

Mako guda ya wuce, na tara kalmomi ashirin da ɗaya, amma ko ɗaya ba ta fito daga bakina a gabansa ba. Da ya kafe ni da ido ya ce in maimaita, sai harshena ya yi nauyi. Inna Asabe ta fara cewa a ƙyale ni, halitta ce. Sai wata safiya ina zaune ni kaɗai, na ɗaga guntun fim ina faɗa wa kaina abin da na gani a hankali: matar tana ɗauke da tulu, tulun ya fashe a baki, akwai kare a bayan bishiya. Ashe yana tsaye a bakin ƙofa.

"Kare? Shekara nawa ina kallon guntun nan ban ga kare ba." Ya karɓa ya duba ya daɗe. Sannan ya ce, "Uwani, ashe ba baki ne ba ki da shi ba. Idon mutane ne ke tsare ki. To bari in gaya miki sirrin aikinmu. Ni na yi wa garuruwa magana, ban taɓa ganin fuskar mutum ɗaya ba. Mai majigi a baya yake tsayawa. Ƙeya yake gani."

Daga ranar makaranta ta koma zaure. Zauren Kawu duhu gare shi, ƙofarsa kuma tana kallon hanyar kasuwa, don haka da hantsi sai ta zama kamar allo. Ya shimfiɗa buzu ya zauna a gaba ya ba ni baya, ni kuma ina tsaye jikin bango. Duk abin da ya gifta ta ƙofar, aikina in faɗe shi da Turanci. Mai nono tana wucewa. Jaki yana ƙin tafiya. Motar masu aikin kwalta tana tayar da kaji. In na yi ƙasa da murya sai ya ambaci wani ƙauye mai nisa, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Mutanen Achilafiya sun ce ba sa ji."

A zauren nan na sami sauran kalmomina: hiro, wato jarumi, da bilen, wato mugun fim, da sin, wato fitowa guda a cikin fim, da darakta, wato mai ba da umarni. Kawu ne darakta, kuma shi ke raba matsayi. Maƙwabcinsa Malam Idi tela, wanda ya riƙe masa riga tun kafin azumi bai ɗinka ba, shi aka ba mugu. Kullum ya gifta sai in sanar. Ran nan ya tsaya ya leƙo.

"Sale, me kake sa yarinyar nan take kira na?"

"Babban matsayi ne, Idi. Fim ba ya yiwuwa sai da shi."

"To ya aka yi ba ka ɗauka ba?"

"Ni ai ina ɗinke alkawarina."

Rigar ta iso bayan kwana biyu. Kawu ya ce duk da haka ba a canja akta a tsakiyar fim.

Ranar intabiyu ya raka ni makarantar firamaren da za a yi, sanye da tsohon kwat ɗinsa na aiki, da wata tsohuwar jarida a aljihu wadda ba karanta ta zai yi ba. Ya zauna a gindin darbejiya. Da aka kira sunana na shiga aji, na tarar da mutum uku a bayan tebur: malamai maza biyu, da wata malama Ba'indiya mai jan ɗigo a goshi. Na lura agogonta ya yi mata yawa, ta tura shi har kusa da gwiwar hannu. Na lura ƙafar teburin ɗaya an tokare ta da dutse. Abin da ban iya ba shi ne amsa tambayarta. Sau biyu ta tambayi sunana. Ido shida a kaina. Ɗaya malamin ya duba takardarsa, ya ɗora bakin alƙalami kusa da sunana, na kuma san abin da zai rubuta.

Har yau ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na taka na zagaya teburin, na je bayan kujerunsu na tsaya jikin allo. Malamin ya fara cewa, "Ke, ina za ki?" Ni kuwa ƙeya uku nake gani, da ƙofar aji a buɗe, da darbejiya a tsakiyarta. Kawu ya jingina da bishiyar, barci ya ɗauke shi, wata akuya kuma ta zaro jaridar daga aljihunsa.

Sai na ji muryata, irin wadda mutanen Achilafiya za su ji.

"The old man is sleeping. He is the hero. The goat is eating his newspaper."

Na ci gaba. Na ce akuyar ta gama shafin farko. Na ce jarumi yana buɗe ido, yana neman takalminsa, yana jifa, bai samu ba. Na ce odiyans suna dariya, don kuwa kafaɗun malaman nan biyu rawa suke yi. Malamar ta ɗaga musu hannu kada su juyo. Ita ma ba ta juyo ba. Tana kallon ƙofa ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi garinmu, da abin da na yi jiya, na amsa mata da nahawun littafin bayan rumbu. Sannan ta ce in zo gaba. Na zo, kuma ko da na kalle ta, harshena bai koma ba.

A hanyar gida na kwashe duka na gaya wa Kawu. Bai taɓa jin na yi doguwar magana haka ba, amma ba wannan ya dame shi ba.

"Wa kika ba jarumi?"

"Ku, Kawu."

"Akuyar fa?"

"Ita ce muguwar."

Ya yi tafiya kaɗan yana tunani. "To, an yi adalci. Amma ba barci nake ba. Aktin ne."

Da sakamako ya fito da sunana a ciki, sai da ya zaga Kazaure yana karɓar barka. Wanda bai san zancen ba sai ya ɗauka Kawu ne zai tafi kwalejin 'yan mata.

Ranar tafiyata ya hana kowa taɓa akwatina na ƙarfe. Dattijo da furfurarsa, ya naɗe rawaninsa ya yi gammo, ya ɗora akwatin a ka har tasha, mutane suna ta cewa ya kawo su karɓa yana ƙi. Ya sa aka ɗaure shi a kan mota, ya ja igiyar da kansa ya ji ta yi ƙarfi. Na leƙo ta taga ina jiran jawabi, don na san ya tanadi mai tsawo. Ya buɗe baki ya rufe. Ya goge ido da hannun riga ya ce ƙura ce, alhali da safen nan aka ɗauke ruwan sama, ƙasa jiƙe take sharkaf. Mota ta tashi bai ce komai ba. A iya sanina, wannan ce kaɗai ranar da magana ta gagari Kawu Sale.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya saka masa da alheri a kan 'yar ƙanwarsa da ya ƙi yarda a ce ba ta da baki. Amin.