Kwalabe Uku Cikin Takarda

Shekarar da muka sayi gida a garin Bowie, nan ƙasar Turawa, maƙwabtanmu na hannun dama wani tsoho ne da matarsa, 'yan asalin Italiya. Shi yana saurayi ya baro ƙauyensu, ya yi aikin gini har bayansa ya gaji, ita kuma a nan aka haife ta. Tun ranar da na kai musu masa da miyar taushe na gaisuwar maƙwabtaka nake ce masa Baba, ita kuma Mama. Da na yi masa bayanin dalili, sai ya ce to ni ma daga ranar 'yarsa ce, kuma bai ƙara kirana da wani suna ba.

Baba yana da wata al'ada. Asabar ɗin farkon wata, abokansa tsofaffi sukan taru a bayan gidansa da yamma, kowa da kwalbar jar giyar inabi ta ƙasarsu. Mama ta shiga kicin da kwalaben, ta zura kowace a jakar takarda, ta ɗaure wuyan da salatif yadda ba mai ganin suna. Sai a zuba kaɗan-kaɗan, a ci taliya ko nama ko cuku, a kurɓa, kowa ya faɗi yankin da yake zaton ta fito da abincin da ta fi dacewa da shi. A ƙarshe a yage takardun, a yi wa wanda ya kauce dariya.

Ni ba na sha, ba na zubawa, kwalbar ma ba na taɓawa, kuma na gaya musu haka ba kwana-kwana. Maigidana bai so zuwan nawa ba. Ya ce, "Ke da kike da aikin asibiti ranar Lahadi, me ya kai ki teburin masu sha?" Na ce ba teburin nake zuwa ba, kujerata tana bakin ƙofar kicin kusa da Mama, da kofin zobona a hannu. Gaskiyar magana kuwa, yabo ne ya kai ni. Baba ya ɗanɗana dambun namana sau ɗaya, ya lumshe ido, ya lissafa mini abin da na saka a ciki, har citta da kanumfari. Shekaru ina yi wa mutanen gidana girki, ba wanda ya taɓa cewa komai sai "a ƙaro".

Harshen mutumin nan abin mamaki ne. Abokansa su yi ta gardama da kaɗa hannu kamar za a doku, shi yana shiru, sai ya shinshina, ya kurɓa, ya faɗi magana ɗaya, a yage takarda a tarar haka ne. Wadda kuwa ba ya taɓa kuskurewa ita ce ta ƙauyensu, wadda ƙanensa yake matsewa da kansa ya aiko masa, da ɗan rubutun hannu a farar takarda manne a jikin kwalbar. In ta zo bakinsa ba ya ma bayani. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Ga yaron nan ya iso." Yaron da ake magana a kai ya haura saba'in.

Sai ciwon daji ya kama Baba a maƙogwaro. Ana tsakiyar gasa masa ciwon da na'ura a asibiti ƙanen ya rasu a can gida, bai samu zuwa binne shi ba. Abin da ya rage masa na ɗan'uwansa kwalabe uku ne a ɗakin ƙasa. Ya ce ba za a taɓa su ba sai ya warke, kuma ko ya warke ɗaya-ɗaya zai riƙa buɗewa, shekara-shekara, ya ja su iya ƙarfinsa.

Ya kuwa warke, in dai warkewa ita ce likita ya ce ciwon ya tafi. Amma ni nas ce, na san abin da gashi yake yi wa baki. Na kai masa dambu, hannuna ya zarce a yaji har ni da na yi sai da na yi tari, ya cinye bai ko ƙifta ido ba, ya ce ya yi daɗi kamar kullum. Na ga yadda yake zazzaga gishiri a miyar Mama. Na dawo gida raina a jagule.

Da bazara ya sa aka kira abokansa, ya ce za a koma zama. Ya ce wa Mama ta ɗauko ɗaya daga cikin na ƙanensa ta sa a cikin jerin, yana so ya gaisa da yaron nan. Ina jin shi ma gwada kansa yake son yi, don bai yarda abin ya tafi gaba ɗaya ba.

Ranar na shiga kicin da kwanon dambu, na tarar da Mama ta ture kwalaben da baƙi suka kawo bayan firji. A gabanta kwalaben ƙanen ne, duk ukun, duk a buɗe.

Na ce, "Mama, me kika yi haka?"

Ta ce, "Duk wadda ya nuna, ita ce. Ba zan zauna ina kallo ya kasa gane ɗan'uwansa a gaban mutane ba, 'yata. Riƙe mini takardar nan."

Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanne zan bi. Abin da aka buɗe an buɗe. Na riƙe bakin jakar tana zurawa, na yanko mata salatif.

Aka zauna. Aka zuba ta farko da taliya mai miyar tumatir. Da can Baba ne na ƙarshen magana, ranar kuwa shi ya fara, da sauri, kamar mai tsoron shiru. Ya ce wannan ta kanti ce, ruwa-ruwa, ba ta san rana ba. Aka zuba ta biyu da cuku. Ya yatsine fuska, ya ce wanda ya yi wannan bai san aikinsa ba, gara ya koma noman dankali. Abokansa suka kurɓa, suka dubi juna. Su harshensu lafiya lau, sun gane abu ɗaya ake ba su, sun kuma gane na wane ne. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana ta gutsurar burodi.

Ta uku aka haɗa da dambuna. Baba ya daɗe da kofin a hanci. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya sake kurɓa. Ina hango shi daga bakin ƙofa, na ga yana nema ne, bai samu ba. Can ya ƙaƙalo dariya ya ce, "Ga yaron nan ya iso."

Mama ta yi wuf ta yage takardar, rubutun ƙanen ya bayyana. Aka yi tafi, har da ni. Fuskar Baba ta washe yadda rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon. Na ce a raina, ashe tsohuwar nan ta fi ni gaskiya. Ta tattara sauran biyun za ta yi kicin da su.

Ya ce, "Ina za ki kai su? Ba a yage ba. Ina so in ga wanda ya kawo mana ta kantin nan, ya sha kunya."

Ta ce abinci yana hucewa. Abokin da yake gutsurar burodi ya ce shi ne, ya amsa laifinsa, a bar maganar. Baba yana dariya ya miƙa hannu ya karɓe ta farkon, ai al'adarsa ce, shi ya kafa ta. Ya yage. Ya tsaya yana kallon rubutun. Ya jawo ta biyun, wadda ya ce mai ita ya koma noman dankali, ya yage a hankali.

Ya jera su ukun a gabansa. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na so a ce ya yi. Ya ɗaga kowace ya duba abin da ya rage a ciki, ya ajiye. Mama tana tsaye da yagaggiyar takarda a hannu, hawaye yana zuba, tana cewa ya yafe mata. Ya kama hannunta ya riƙe, bai dube ta ba.

Ya tura kwalaben tsakiyar tebur, ya ce wa abokansa, "Ku shanye, kada ta lalace. Ku da kuke jin ta, ku gaya mini yadda ta ƙarshen tasa ta yi."

Sai ya juyo wajena ya ce, "'Yata, ba ni ruwa."

Na kawo masa. Ya sha rabi, ya dubi kofin, ya ce, "Da ruwan da giyar, ɗaya suke."